Yadda Ake Shirya wa Intabiyun Neman Aiki Bayan Hidimar Ƙasa

Matashin da ya tashi a gidan Bahaushe an koya masa tun yana ƙarami cewa ba a haɗa ido da babba, ba a dogon surutu a gaban manya, kuma ba a faɗin alherin kai, domin yabon kai jahilci ne. Tarbiyya ce mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai ce a watsar da ita. Sai dai ranar da aka kira mutum intabiyun neman aiki, za a zaunar da shi ne a gaban mutum uku ko biyar waɗanda ba su san shi ba, ba su san gidansu ba, kuma ba su da abin da za su auna shi da shi sai takardunsa da abin da ya fito daga bakinsa a cikin minti 20 ko 30. Da yawa daga cikin waɗanda suke komawa gida hannu rabbana suna da ilimin aikin sarai. Abin da ya kayar da su shi ne sun shiga sun sunkuyar da kai, sun amsa kowace tambaya da kalma biyu, sun fito suna ganin sun nuna ladabi, alhali kuwa kwamitin ya riga ya rubuta cewa ba su da abin cewa.

Mafita daga wannan tarko ita ce mutum ya bambance yabon kai da ba da rahoto. Wanda ya ce shi haziƙi ne mai ƙwazo ya yabi kansa, kuma babu wanda zai iya tabbatar da maganarsa. Wanda kuwa ya ce ga aikin da aka ɗora masa, ga yadda ya ɓullo masa, ga abin da ya biyo baya, rahoto ya bayar na abin da ya faru, wanda ana iya bincikawa, kuma bai saɓa wa kunya ko tawali'u ba. Mafi yawan shirin intabiyu yana komawa ne ga tanadar irin wannan rahoto, amma akwai abubuwan da ya kamata a gama da su tukuna.

Na farko shi ne ka tabbatar cewa kiran da aka yi maka na gaskiya ne. Idan saƙo ya shigo wayarka daga wurin da ba ka tuna ka taɓa neman aiki ba, babu sunan kamfani sosai, babu sunan muƙamin, sai adireshin wani otal ko wani bene da umarnin ka zo da kuɗin fom ko kuɗin gwajin lafiya, to ka ajiye kuɗin motarka. Wurin aiki na ƙwarai ba ya karɓar kuɗi daga mai neman aiki kafin ya gan shi, kuma duk wanda ya ce maka yana da gurbi a wata hukumar gwamnati da zai sayar maka, laifi yake gayyatarka ku aikata tare. Ka nemi adireshin wurin a intanet, ka kira lambar da ke shafinsu na ainihi maimakon wadda ta turo saƙon, kuma idan tafiyar ta wani gari ce, ka sanar da na gida inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa.

Na biyu takardu. A yawancin ma'aikatun gwamnati ana fara tantance takardu ne a wani tebur na waje kafin a shigar da mutum gaban kwamiti, kuma a wannan teburin ake sallamar wasu tun kafin su buɗe baki. Ka haɗa takardar gama firamare, sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin digiri ko HND ko NCE, takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa ga wanda ya gama karatu bayan ya haura shekara 30, takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ko takardar rantsuwar shekaru daga kotu, lambar NIN, da hotuna na fasfo waɗanda aka ɗauka kwanan nan. Takardar shaidar ƙaramar hukumarka ta asali tana da nauyi fiye da yadda wasu suke zato a aikin gwamnatin tarayya, domin sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta raba guraben aiki tsakanin sassan ƙasa, kuma da wannan takarda ake sanin gurbin jihar da za a lissafa ka a ciki. Mai neman koyarwa ya riƙe takardar rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ma'aikaciyar jinya kuma ta duba cewa lasisinta bai ƙare ba.

Bayan ka haɗa su, ka shimfiɗa su a tabarma ka karanta sunanka a kowace ɗaya, harafi bayan harafi. Wannan matsala ce da ta fi damun 'yan Arewa. Za ka tarar takardar firamare ta ce Muhammadu Sani, ta sakandare ta ce Mohammed Sani tare da sunan garinsu da wani malami ya liƙa masa ranar rajista, digiri ya ce Sani Muhammad, katin NIN kuma ya zo da wata ranar haihuwa dabam. A wurinka duk mutum ɗaya ne, amma a wurin jami'in da ke tantancewa, wanda wataƙila daga Enugu ko Ibadan ya zo, mutum uku ne. Idan akwai irin wannan saɓani, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa da ke tabbatar da cewa duk sunayen naka ne, tun kwanaki kafin ranar intabiyu, ka sa ta a saman fayil ɗin. Ka yi fotokwafin komai aƙalla kashi biyu, ka jera su bisa tsarin shekaru, na asali a gefe guda, kwafi a ɗaya gefen, domin kada a tambaye ka takarda ka tsaya kana zazzage ambulan a gaban mutane.

Daga nan sai sanin wurin da ka nemi aikin. Ka koma ka karanta tallar aikin da ka amsa, layi bayan layi, domin mafi yawan tambayoyi daga cikinta ake ciro su. Kowane irin wuri yana da abin da ya fi damuwa da shi. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta jiha ko ta tarayya takan tambayi aikin ma'aikatar da kake son shiga, sunan ministan ko kwamishinan da ke riƙe da ita, da tambayoyin sanin ƙasa, kuma abin kunya ne mai digiri ya kasa faɗin cewa Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, ko ɗan Kano ya rasa sanin cewa jiharsa tana da 44. Banki yakan fara da jarrabawar lissafi da Turanci a kwamfuta, sannan a intabiyu ya so ya ji ko za ka iya kawo masu ajiya. Makaranta mai zaman kanta za ta iya miƙa maka alli ta ce ka koyar da darasi na minti goma nan take, saboda haka ka tafi da darasi guda a shirye a kanka. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri, Damaturu da Yola suna tambaya a kan ƙa'idojin aikin jinƙai, wato mutunta ɗan Adam, rashin ɗaukar ɓangare, rashin nuna bambanci da cin gashin kai, haka kuma suna tambayar abin da za ka yi idan ka ga abokin aiki yana cin zarafin wanda aka zo taimaka wa. A irin waɗannan wurare iya Hausa da Kanuri ko Fulatanci cancanta ce da ake ba maki, don haka ka faɗe ta da bakinka, kada ka ɗauka kowa ya sani.

Yanzu sai babban aikin, wato tanadar labaran aikinka. Ka zauna da biro da takarda ka fitar da abubuwa uku ko huɗu da ka taɓa yi da hannunka: ɗaya a kan matsalar da ka warware, ɗaya a kan saɓani da ka samu da wani da yadda kuka ƙare, ɗaya a kan amanar kuɗi ko kaya da aka ba ka, ɗaya kuma a kan abin da ya lalace a hannunka da abin da ka gyara daga baya. Kowane labari ya ƙunshi halin da ake ciki, abin da aka ɗora maka, matakin da ka ɗauka da sakamakon da aka samu, kuma kada ya wuce minti biyu. Ga misali. An tambayi mutum biyu ko suna iya aiki a wurin da babu kayan aiki. Na farko ya ce, “E, ina da haƙuri, kuma ina iya aiki a kowane yanayi.” Na biyu ya ce, “Lokacin hidimar ƙasa an tura ni wata makarantar sakandare ta ƙauye in koyar da lissafi, na tarar ɗaliban aji uku ba su da littafi sai guda biyu a hannun malamai. Na rubuta taƙaitaccen darasin kowane mako, na nemi shugaban makarantar ya amince a riƙa buga shi a raba wa ɗalibai rukuni-rukuni, na kuma buɗe darasin yamma sau biyu a mako. Kafin in tafi na bar wa malamin da ya gaje ni darussan zango uku a rubuce.” Na biyun bai kira kansa mai haƙuri ba ko sau ɗaya, amma shi kwamitin zai rubuta wa haƙuri da dabara. Ka lura kuma cewa ya ce na rubuta, na nema, na buɗe. Mu kan ɓuya a bayan “aka yi” da “muka yi” saboda kawaici, alhali kwamitin kai kaɗai zai ɗauka, ba ku duka ba.

Wanda zai ce bai taɓa aiki ba balle ya sami labari, ya sake dubawa. Tsaron shagon mahaifi a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari aiki ne da ya ƙunshi lissafin kaya, bin bashi da lallashin mai saye. Riƙe na'urar POS amanar kuɗi ce ta kullum. Koyarwa a Islamiyya, watannin sanin makamar aiki da aka yi lokacin karatu, aikin raya al'umma na ranar CDS, da zama jami'in rumfar zaɓe, wanda hukumar INEC ta saba ɗora wa masu hidimar ƙasa, duk suna cike da abubuwan da za a iya ba da rahotonsu. Abin da ba a so shi ne ƙirƙira. Mutanen da ke kwamiti sun saba jin labarai, kuma tambaya biyu a kan bayanin da ka bayar ta isa ta tona wanda ya ara.

Tambayar farko kusan kullum ita ce ka gabatar da kanka. Ba tarihin zuri'a ake nema ba, saboda haka kada ka fara da unguwar da aka haife ka da yawan 'yan'uwanka. Ka faɗi sunanka, abin da ka karanta da inda ka karanta, aikin da ka yi na baya-bayan nan, sannan dalilin da ya sa wannan muƙami ya dace da abin da ka iya. Idan an tambayi rauninka, ka faɗi na gaskiya wanda ba zai rushe aikin ba, tare da abin da kake yi a kansa, kamar cewa ba ka ƙware a manhajar Excel ba amma ka fara koyo kuma ga inda ka kai. Idan an tambayi dalilin da ya sa karatunka ya ɗauki shekaru fiye da ƙa'ida, ka amsa kai tsaye. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, kuma kowa a ɗakin ya san da haka. Idan an tambayi abin da ka yi a shekarun da suka biyo bayan hidimar ƙasa, ka faɗi sana'ar da ka riƙe komai ƙanƙantarta, domin ta fi a ɗauka zaman kashe wando ka yi. Wurin da ka baro kuwa, ko da an zalunce ka a can, kada ka zage shi, saboda mai sauraronka yana auna abin da za ka faɗa a kansa ne wata rana.

Duk wannan da Turanci za a yi shi a mafi yawan wurare, kuma a nan ne wasu masu ilimi suke sarƙewa, domin sun saba karanta Turanci da rubuta shi amma ba su saba furta shi na minti 20 a jere ba. Maganin wannan shi ne maimaitawa da murya a sarari. Ka sami wanda ya girme ka, wanda kake ɗan jin nauyinsa, ya zauna ya yi maka tambayoyin, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Kada ka haddace amsa kamar karatun allo, saboda da zarar an katse ka a tsakiya sai zaren ya tsinke. Ka riƙe gaɓoɓin labarin kawai. Karin harshenka na Hausa ba aibi ba ne, kuma ƙoƙarin kwaikwayon lafazin Amurka ya fi jawo matsala. Abin da ake bukata shi ne ka yi magana a hankali, da muryar da na ƙarshen tebur zai ji. Idan wani a kwamitin ya gaishe ka da Hausa, ka amsa masa da Hausa cikin girmamawa, sannan ka koma harshen da aka fara da shi, sai fa idan su suka ci gaba da Hausar.

Batun tafiya da sutura ba ya bukatar dogon bayani. Wanda aka kira Abuja daga Kano, Katsina ko Sakkwato ya tafi ana gobe, ya kwana, kuma idan a Mararaba, Nyanya ko Kubwa ya sauka, ya san cewa cunkoson safiya zai iya cinye masa awa guda ko fiye. Ka isa da rabin awa a hannu, ka ci abinci, domin ana iya kiran mutum 50 ƙarfe takwas a ga na ƙarshe bayan la'asar. Kaftani mai tsabta da guga da hula ya wadatar a ma'aikatun gwamnati da makarantu. Banki da manyan kamfanoni sun fi sabawa da kwat. Babbar riga ta yi yawa, haka ma turare mai ƙarfi a ƙaramin ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Mace ta sa hijabi ko mayafin da ba zai riƙa zamewa yana raba mata hankali ba. Maigadi, masinja da sakatariyar da ke rubuta sunaye duk ka gaishe su da mutunci, saboda sau da yawa ana jin ta bakinsu.

Idan ka shiga, ka yi sallama ko gaisuwa ga kowa, ka jira a nuna maka kujera. Durƙusawa ba ta da wuri a nan. Ɗan rusunawa ya isa. Wanda ba ya musabaha da mace, ko wadda ba ta yi da namiji, ya sa hannu a ƙirji tare da sakin fuska da gaisuwa mai kyau tun kafin a miƙo hannu, yadda babu wanda zai ji an muzanta shi. Sannan ka ɗaga kai. Ba a ce ka ƙura wa dattijo ido ba, amma ka dubi fuskar mai tambaya lokacin da yake magana, ka kuma waiwayi sauran lokacin da kake amsawa, domin a wurin wanda bai tashi cikin al'adarmu ba, kallon ƙasa alamar rashin gaskiya ce ko rashin tabbas. Idan ba ka fahimci tambaya ba, ka roƙi a maimaita. Idan ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, ka ƙara da yadda za ka nemo ta. Wannan ya fi kame-kame nesa ba kusa ba. Kalmar “in sha Allahu” tana da muhallinta, amma kada ta zama ita ce dukan amsar: idan an tambaye ka ko za ka iya aikin, ka faɗe ta sannan ka kawo hujja.

Intabiyu ta Zoom ko Teams ta zama ruwan dare, musamman a ƙungiyoyin agaji. Ka cika waya ko kwamfuta da caji tun dare, ka sayi data a layi biyu na kamfanoni dabam-dabam, ka gwada mahaɗin tun kafin lokaci, ka zauna inda haske yake fuskantarka kuma nesa da ƙarar janareto, ka kuma roƙi mutanen gida su riƙe yara na wannan rabin awa.

Za a ce duk wannan wahalar banza ce tunda aiki sai mai uwa a gindin murhu. Ba zan musa cewa ana ɗaukar wasu ta hanyar sanayya ba, musamman a wasu guraben gwamnati. Amma makarantu, asibitoci masu zaman kansu, kamfanoni da ƙungiyoyin da ake bin diddigin kuɗinsu suna bukatar wanda zai yi aikin da gaske, kuma ko wanda aka kai sunansa da takardar wani babba yakan zauna gaban kwamitin nan, inda rashin shiri zai iya kunyata shi da wanda ya turo shi.

Maganar albashi ta bambanta da wuri. A gwamnati babu ciniki, domin mai digiri yana farawa ne a matakin albashi na 08, kuma yakan yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi. A kamfani kuwa ana iya tambayarka nawa kake so, kuma amsar “duk abin da kuka bayar” tana sa a ba ka mafi ƙaranci. Ka binciki abin da ake biyan masu irin wannan aiki a garin, ka lissafa kuɗin mota, abinci da haya, ka faɗi adadi tsakanin kaza da kaza. Ka riƙe a ranka cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024. Ka tambaya ko adadin da aka ambata kafin cire-cire ne ko bayansa, domin a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, mai aiki kuma ya ƙara aƙalla kashi 10, ga kuma haraji. Idan aka ba ka dama ka yi tambaya a ƙarshe, ka yi amfani da ita: ka tambayi abin da ake sa ran sabon ma'aikaci ya cim ma a wata ukun farko, wanda zai zama shugabanka kai tsaye, da lokacin da za a ji sakamako.

Da ka fito, ka rubuta tambayoyin da aka yi maka tun ba ka manta ba, musamman waɗanda suka ba ka wuya, saboda za ka sake haɗuwa da su a wani wurin. Idan ta imel aka gayyace ka, gajeren saƙon godiya a ranar ko washegari ya dace. Idan lokacin da suka ɗiba ya wuce da mako guda, tuntuɓa sau ɗaya ta isa. Idan kuma aka ce an ɗauke ka, ka nemi takardar ɗaukar aiki a rubuce, ka karanta ta a natse: sunan muƙami, albashi, tsawon lokacin gwaji, garin da za a tura ka, wa'adin sanarwa kafin barin aiki, da kuma ainihin wanda ya ɗauke ka, domin a bankuna da wasu manyan kamfanoni ma'aikata da yawa na wani kamfanin kwangila ne dabam, kuma haƙƙoƙinsu ba ɗaya ba ne da na ma'aikatan dindindin. Kada ka bar wa kowa satifiket ɗinka na asali a matsayin jingina, kuma idan kana da wani aikin a hannu, kada ka ajiye shi sai wannan takarda ta shigo hannunka da sa hannu da kwanan wata.